Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Filtar Kanista ta Tankin Kifi da Zaɓen Abin da Za a Zuba Mata

Tambayar da ta fi yawan zuwa daga masu kiwon kifin ado a Sakkwato ita ce ta filtar kanista ta hannu. Wani ya tsince ta cikin kayan gwanjo, wani ɗan'uwansa ne ya bar masa da zai tashi daga gari, wani kuma ya gan ta a Jiji ko Facebook da rabin kuɗin sabuwa, kuma kowa yana son ya san ko za ta yi aiki da abin da ya kamata ya zuba a cikinta. Kanista dai ita ce rufaffiyar matatar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin tanki, tiyo ɗaya yana sauko mata da ruwa, ɗaya yana mayar da shi bayan ya ratsa kwandunan da ke ciki.

Tsohuwar kanista tana iya ƙara shekaru tana aiki idan abubuwa uku suna lafiya, wato injin da ke cikin murfi, farfela, da zoben robar da ke hana yoyo. Amma duk ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suka zauna a cikin kwandunanta sun riga sun mutu, don haka a wajen kifi daidai take da wadda aka fito da ita daga kwali yau, kuma da wannan fahimtar ya kamata a bi matakan da ke tafe.

1. Lissafin wuta da girman tanki

Kanista ba ta samun iska sai wadda ruwan tanki ya kawo mata. Muddin ruwa yana gudana, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikinta suna numfashi, suna kuma cinye gubar da ke fitowa daga kashin kifi. Da zarar an ɗauke wuta sai su koma kan ɗan oksijin da ya rage, kuma a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da garin nan kan haura digiri 40, ragowar ba ta daɗewa. Saboda haka wanda ba shi da inbata ko sola, kuma unguwarsu takan wuni babu wuta, gara ya haƙura da kanista komai arharta, ya nemi filtar soso da ƙaramin famfon iska mai batir.

Wanda ke da inbata sai ya duba yawan wat da aka rubuta a jikin murfin ya ninka da awa 24. Eheim Classic 2213 tana cin wat 8, wato ƙasa da wat 200 a kwana da wuni, babbar 'yar'uwarta 2217 tana cin 20, yayin da SunSun HW-304 take cin 55, wanda ya haura kilowat ɗaya da kwata a rana. Batirin bolt 12 mai amfiya 100 da ba a son a zuƙe fiye da rabinsa yana ba da kimanin wat 600 na awa, wato awa 30 ga filta mai wat 20 a lissafin takarda, ƙasa da haka kuma a zahiri domin inbatar ma tana cin nata.

Sai girman tanki. A ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita a raba da 1,000: tanki mai 120 da 45 da 45 yana ɗaukar lita 243. Ana son filtar da za ta juya ruwan tankin sau huɗu zuwa shida a awa ɗaya, kuma a tuna cewa adadin da kamfani ya rubuta na injin da babu komai a cikinsa ne. Bayan an zuba soso an ja tiyo, abin da ke fita yakan ragu sosai. Ga tanki irin wancan, mai lita 1,000 a awa ita ce mafi ƙanƙantar da zan ba da shawara, musamman idan kifayen masu yawan kashi ne irin su golfish, koi, oska ko ƙananan tarwaɗa.

2. Dubawa a gaban mai sayarwa

A fara da takardar da ke manne a jikin injin. Wutarmu bolt 220 zuwa 240 ce, zagaye 50 a daƙiƙa, wato 50Hz. Kayan da suka fito daga Ingila, Jamus ko Sin galibi sun dace da ita, amma na Amurka bolt 110 zuwa 120 ne, zagaye 60.

Hattara: kada a soka 'yar Amurka a soket ko don gwaji na daƙiƙa biyu, domin tana iya ƙonewa nan take. Ko da an sa mata taransifoma mai rage ƙarfin wuta, za ta riƙa juyawa a hankali fiye da yadda aka ƙera ta, ruwanta ya ragu.

Daga nan a bi wayar tun daga filogi har inda ta shiga murfi, ana neman cizon ɓera, taurin roba ko inda aka ɗaure da salatif. Wayoyin injin kanista a daskare suke cikin wani ƙaƙƙarfan danƙo domin ruwa kada ya taɓa su, don haka masu riwayin fanka da injin ruwa ba su da hanyar gyara shi. Idan injin ya mutu, sai dai sabon murfi, wanda kuɗinsa kan kusa kai na filtar gaba ɗaya.

A buɗe ƙaramin murfin da ke ƙarƙashin injin a zaro farfela. Farfelar fukafukai ce ta roba a kan dunƙulen maganaɗisu, tana juyawa a kan siririn sanda wanda a yawancin filtoci na farin tangaran ne, da ƙananan robobi biyu a bakinsa sama da ƙasa. A tabbata fukafukan sun cika, maganaɗisun bai kumbura ko ya tsage ba, sandan bai karye ko ya cinye ta gefe ɗaya ba, kuma robobin biyu suna nan, domin su ne suka fi ɓata. Idan fukafukan suna ɗan juyawa su kaɗai kafin su ja maganaɗisun, wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi su domin injin ya samu tashi. A leƙa ramin da farfelar ke zama da fitilar waya. Zurfafan karce a bangonsa alama ce ta an daɗe ana gudu da yashi a ciki, kuma irin wannan injin ba ya daina ƙara ko an sa masa sabuwar farfela.

Sauran dubawar ta jikin robar ce. A ɗaga mazubin a hasken rana a nemi siririyar tsaga, musamman kusa da maƙallan murfi da inda tiyo ke shiga a ƙasa. Filtar da ta daɗe a baje a bakin shago tana shan rana takan koɗe ta yi gautsi, maƙallanta su karye a buɗewa ta biyu ko ta uku. A ƙarshe a nemi bokitin ruwa a kunna ta, a kuma tambayi mai ita, idan shi ne ya yi amfani da ita, irin kifin da ya kiwata, ko sun mutu ne da ciwo, da irin maganin da ya taɓa zubawa.

Hattara: ruwa ne ke sanyaya farfela yana kuma zame mata mai, saboda haka kada a bar mai sayarwa ya kunna ta a bushe don ya nuna tana aiki.

3. Abin da za a kashe

Kuɗin da aka biya mai sayarwa kashi ɗaya ne kawai. A ɗora masa na sabon zoben roba, na tiyo mita uku zuwa huɗu, na soso da sauran kayan ciki, na farfela idan ta nuna gajiya, da kuɗin mota, tunda yawancin waɗannan kayan daga Legas, Abuja ko Kano ake aiko da su. Ra'ayina shi ne idan jimillar ta haura kashi biyu cikin uku na kuɗin sabuwa irinta, cinikin bai yi ba. Kafin a biya, a nemi lambar samfurin a intanet a ga ko ana samun farfelarta da robarta. Eheim da Fluval ana samun kayan gyaransu ko da filtar ta tsufa, SunSun tana da arha kuma kayanta sun yaɗu, amma wadda babu suna babu lamba a jikinta, ranar da sandanta ya karye ranar ta gama aiki.

4. Kwancewa da zubar da tsofaffin kaya

A sa safar hannu ta roba kafin a buɗe. Akwai wata ƙwayar cuta ta kifi, dangin ta tarin fuka, da kan shiga ta ƙaramin rauni a hannu ta haifar da ƙurjin da ke daɗewa bai warke ba, kuma tsohon laka na filtar da ba a san tarihinta ba wuri ne da za a iya samunta. A ɗauki hoton kowane kwando da waya yayin fito da shi, domin bututun tsakiya da ramukan kwandunan suna da yadda suke haɗuwa.

Tsohon soso, audugar tacewa, da baƙin gawayin tace ruwa duk a zubar ba tare da waiwaye ba. Zobban tangaran da duwatsu masu ƙofofi su ne abin da mutane kan ji nauyin zubarwa saboda tsadarsu. Idan an san gidan da suka fito, ruwan daɗi ne, kuma kifayen lafiya suke, ana iya wanke su a tafasa su na minti goma a sake amfani da su. Idan sun yi shuɗi ko kore, alamar an yi jinya da magani ke nan, sai a zubar da su. Idan an yi amfani da su a tankin ruwan gishiri, ko ba a san komai game da su ba, su ma su bi sauran. Wasu magungunan kifi suna da sinadarin jan ƙarfe wanda kan maƙale a ƙofofin tangaran, tafasawa ba ta fitar da shi, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe jatan lande da katantanwar ado.

Tsohon tiyo ma a canza shi. A kai guntunsa wurin masu kayan famfo a gwada; yawancin kanista suna amfani da mai faɗin milimita 12 a ciki da 16 a waje, ko 16 da 22. A zaɓi mai kauri, domin siririn tiyo irin na awon magina yakan yi laushi a zafi ya lanƙwashe ya tsayar da ruwa.

5. Wanki da kashe ƙwayoyin cuta

Wankin hawa biyu ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci. Na farko na cire farin dutsen da ruwa mai nauyi ke bari: a haɗa farin khal da ruwa rabi da rabi, a jiƙa farfela, sandanta, famfunan tiyo da duk inda ya yi fari na awa ɗaya zuwa uku, sannan a goge da tsohon buroshin haƙori. Ramin farfela a goge shi da audugar kunne. Idan babu khal, ruwan lemun tsami yana yi wa ƙananan kaya. A riƙe sandan tangaran da kulawa, faɗuwa ɗaya a kan siminti ta ishe shi. Bayan haka a ɗauraye komai sosai.

Na biyu na kashe cuta ne. A samu bilic zalla irin Hypo ko Jik marar turare, a zuba rabin lita a ruwa lita tara da rabi, a nutsar da mazubi, kwanduna, bututun shiga da na fita na minti 15. Murfin mai inji ba a nutsar da shi. A goge ƙasansa da tsumman da aka tsoma a ruwan, a kiyaye wayar. Zoben roba da ƙananan robobin farfela ba sa son bilic, sai a goge su da haidurojin ferokzayid mai kashi 3 cikin ɗari da ake samu a kemis. A ɗauraye sau uku ko huɗu, a jiƙa a ruwan da aka zuba wa maganin kashe kulorin fiye da kima, sannan a shanya a inuwa kwana ɗaya ko biyu har sai hanci bai ji warin bilic ba. Da hunturu a rufa musu wani yadi saboda ƙura.

Hattara: kada khal da bilic su haɗu a baho ɗaya ko a jikin kaya ɗaya, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu. A yi aikin a tsakar gida, nesa da yara. Sabulu, omo da ruwan wanke kwanuka kuwa ba su da wuri a wannan aikin ko kaɗan, ragowarsu tana lalata matsirgar numfashin kifi.

6. Haɗawa da gwajin yoyo

A ja zoben robar a hankali a duba. Idan ya baje, ya yi tauri, ko ƙananan tsagu sun bayyana, a canza shi. Zagayayyen zobe irin na Eheim Classic wani lokaci ana dacewa da girmansa a wurin masu kayan gyaran inji idan an tafi da tsohon, amma mai kusurwa huɗu sai na kamfaninsa. A shafa masa man silikon kaɗan, shi da ƙananan zobban famfunan tiyo. Baƙin mai, giris ɗin mota da man gyaɗa ba su dace ba, wasu suna kumbura roba, wasu suna gurɓata ruwa.

A haɗa filtar babu komai a kwandunanta, a ɗora babban baho ko durom a kan benci, a ajiye ta a ƙasa a kan busasshiyar jarida, a bar ta tana zagaya ruwa kwana da wuni. Jaridar za ta tona ko ɗigo ɗaya ne. A lokacin ne kuma ake auna ƙarfinta: a tara ruwan da ke fita a bokiti mai lita 10 ana duba agogo. Idan ya cika a daƙiƙa 45, lita 800 ke nan a awa. Idan sai da minti ɗaya, 600. A rubuta wannan adadin a ajiye, domin da shi za a riƙa gane lokacin da filtar ta toshe nan gaba.

Hattara: tsagar jikin mazubi ba ta gyaruwa da sufa gulu. Ruwan tankin gaba ɗaya yana danna ta daga sama, kuma ranar da facin ya saki, tiyon zai ci gaba da zuƙo ruwa har tankin ya sauka zuwa bakin bututun shiga. Silikon na magina ma yawancinsa yana da maganin hana fumfuna mai kashe kifi.

7. Zaɓen kayan tacewa

Aiki uku kayan cikin kanista suke yi: tare datti, ba bakteriya wurin zama, da tsotse wasu sinadarai. Biyun farko wajibi ne, na ukun sai da dalili.

Mai tare datti shi ne soso. Ana auna shi da yawan ƙofofi a inci ɗaya: mai 10 zuwa 20 shi ne mai manyan ƙofofi, mai 30 matsakaici, daga nan sai audugar roba mai kama ƙananan ɓurɓushi. Mai manyan ƙofofi shi ne ginshiƙi, kuma a ganina ya cancanci kwando guda shi kaɗai, domin baya ga tare datti yana ɗaukar bakteriya masu yawa kuma ba ya saurin toshewa. Audugar tana sa ruwa ya yi garau, amma ita ce ke fara toshewa, musamman da hunturu idan tankin a buɗe yake yana shan ƙura, don haka shimfiɗa ɗaya siririya ta isa, kuma wanda ba ya son yawan buɗe filta yana iya barinta gaba ɗaya.

Hattara: soson katifa ba soson filta ba ne. Ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi yadda ya kamata, kuma ba a san sinadaran da aka haɗa shi da su ba. Soson ƙarfe yana tsatsa, soson wanka na gargajiya yana ruɓewa, soson kicin mai launi biyu kuma wani lokaci yana zuwa da sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a jikinsa.

Mazaunin bakteriya shi ne inda ake yawan ɓarnar kuɗi. Akwai na kamfani masu kyau, irin su Eheim Substrat Pro, Seachem Matrix da Fluval Biomax, kuma wanda ya samu hali ba zai yi nadama ba. Sai dai manyan alƙaluman faɗin fili da ake rubutawa a kwalayensu sun haɗa da ƙananan ramukan da laka kan toshe bayan 'yan watanni, alhali bakteriyar da muke buƙata tana zama ne inda ruwa mai oksijin ke ratsawa. A yanayinmu na zafi, inda ruwa mai digiri 30 yake riƙe oksijin kimanin miligiram 7.5 a lita, ƙasa da 9 da yake riƙewa a digiri 20, abin da ya fi dacewa shi ne kaya mai sakewa wanda ruwa ke bi ta cikinsa ba da wahala ba. Zobban tangaran na yau da kullum suna yi. Dunƙulallen soson roba na wanke tukunya, sabo, marar sabulu, yana yi sosai kuma ana samunsa a Babbar Kasuwa da arha. Doguwar ragar wanka ta nailan ma tana yi idan an wanke ta da ruwan zafi an tabbatar ba ta zuba, a yanka ta a dunƙule sako-sako. Tsingaron sabuwar tukunyar ƙasa da ta gasu da kyau, wadda ba a taɓa girki ko rini a cikinta ba, ana iya farfasa shi kamar girman goro a goge kaifinsa a cika rabin kwando da shi, sai dai yana da nauyi kuma yana buƙatar ɗauraya mai yawa domin ƙurarsa kada ta ci farfela.

Duk dutsen da za a saka, a ɗiga masa khal tukuna. Idan ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne irin wanda ya wadata a yankin Kalambaina, kuma zai ƙara wa ruwa nauyi ya ɗaga pH, wato ma'aunin da ke hawa idan tsamin ruwa ya ragu. Kifayen tafkin Malawi, da kuma gofi da moli, suna son haka, amma tetira da diskos ba sa so, kuma wanda ruwan burtsatsensa ya riga ya yi nauyi, wato yana barin fari a buta, ba ya buƙatar ƙari.

Masu tsotse sinadarai kuwa, wanda aka fi sani shi ne gawayin tace ruwa na kamfani. Amfaninsa shi ne cire ragowar magani bayan jinya, ko launin rawaya da wari, kuma bayan mako uku zuwa huɗu ya cika sai a cire. A tsohuwar filtar da aka wanke da bilic, ba laifi a sa ƙaramar jaka ɗaya a watan farko. Gawayin girki ba ya wannan aikin. Ziyolait, wani dutse mai ƙofofi da ake sa wa filta, yana tsotse amoniya, wato gubar da kifi ke fitarwa, amma yana hana bakteriya samun abincin da za su yaɗu da shi.

Hattara: idan ana jinyar kifi a cire gawayin, in ba haka ba shi zai shanye maganin. Wanda kuma ya saba zuba gishiri a tanki ya guji ziyolait, domin gishiri yana sa shi ya saki amoniyar da ya riƙe.

8. Jerawa da ɗaurawa a tanki

Ƙa'idar ita ce ruwa ya fara cin karo da soso mai manyan ƙofofi, sannan matsakaici, sannan mazaunin bakteriya, domin laka kada ta isa gare shi. A Eheim Classic da SunSun ruwa yana tasowa ne daga ƙasa zuwa sama, don haka babban soso a ƙasa yake. A jerin Fluval 107 zuwa 407 ruwa yana fara ratsa sosan da ke tsaye a gefe, sannan ya hau kwanduna daga ƙasa. A ɗauraye kowane sabon kaya kafin a zuba, kuma kada a danna kwando har ya ƙi zama daidai, domin idan an bar rata, ruwa zai bi ta gefe ya bar kayan.

A ajiye kanistar a tsaye a cikin baho a ƙarƙashin tanki, murfinta aƙalla santimita 10 ƙasa da saman ruwa, gindinta kuma kada ya yi nisan da ya wuce mita ɗaya da rabi. Idan cikin kabad ce a bar mata mashigar iska, domin zafin injin a cikin ruwan yake ƙarewa. A yanke tiyo daidai tsawon da ake buƙata, a tsoma bakinsa a ruwan zafi ya yi laushi kafin a cusa, a ɗaure. A daidaita bututun fita ya riƙa kaɗa saman ruwa. Wayar wuta a bar ta ta sauko ƙasa da soket sannan ta hau, domin ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa.

A buɗe famfuna a bar ruwa ya sauko ya cika mazubin da kansa har kumfa ta daina fita, sannan a kunna. Idan tana ƙara, iska ce ta maƙale, a ɗan karkata ta hagu da dama. Idan ruwan ya yi wa kifi ƙarfi, famfon fita ake ragewa. Rage na shiga yana wahalar da farfela. Idan filtar tana da fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta, a bar fitilar a kashe a makonnin farko, kuma kada a kalle ta tana kunne a waje.

9. Rainon bakteriya

Kifi yana fitar da amoniya, wani rukunin bakteriya yana mayar da ita naitirayit, wani kuma ya mayar da naitirayit naitiret, wadda ba ta da guba sosai kuma ake rage ta da canjin ruwa. Kafin waɗannan ƙwayoyin su cika sabbin kayan ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Ɗumin bazara yana gaggauta su, sanyin Disamba da Janairu yana jinkirta su. Gubar amoniya kuma tana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko pH ya hau, abubuwa biyu da suka saba haɗuwa a nan.

Idan tankin yana da kifi da wata filta mai aiki, a bar su biyun suna gudu tare na mako shida, ko a kwashe kayan tsohuwar a zuba a kwandon kanistar. Idan tankin sabo ne, a roƙi mai kiwon da kifayensa ke lafiya guntun soson filtarsa, a kawo shi a jiƙe cikin ruwan tankinsa a sa a tsakiyar kwando, sannan a riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum ba tare da kifi ba. Ana aunawa da kayan gwaji na ɗigo irin na API. Idan amoniya da naitirayit sun koma sifiri, naitiret ta bayyana, sai a canza rabin ruwan a fara saka kifi kaɗan-kaɗan.

Hattara: ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, na 'yan garuwa kuma ba kullum ake sanin inda aka ɗebo shi ba, don haka a sa musu maganin kulorin irin Seachem Prime ko AquaSafe. Ruwan tankin saman rufi da rana tsaka yana da zafin da zai kashe kifi da bakteriya tare. A ɗebo da safe a ajiye a ɗaki ya daidaita.

10. Idan an ɗauke wuta, da lokacin wanki

Awa ɗaya ko biyu babu wuta ba abin damuwa ba ne. Idan ya kai awa huɗu, musamman da bazara, a zare filogi, a rufe famfuna, a buɗe kanistar, a juye mazaunin bakteriya a faffaɗan baho da ruwan tanki daidai yadda zai rufe shi, a sa masa famfon iska mai batir idan akwai. Kuskuren da ya fi kashe kifi shi ne a bar filogi a soket a fita, wuta ta dawo bayan wuni guda, injin ya tura ruɓaɓɓen ruwan cikinsa zuwa tanki. Wanda zai yi tafiya kuma filtarsa ba a kan inbata take ba, ya zare ta. Kafin a sake kunnawa a zubar da ruwan mazubin a shinshina. Idan an ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, a ɗauraye kayan duka da ruwan tanki, a rage ciyarwa, a koma awon amoniya kullum na mako guda, domin rainon ya koma baya.

Wanki na yau da kullum ana yinsa ne idan gwajin bokiti ya nuna ruwan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, wanda a yawancin tankuna yakan faɗo tsakanin wata ɗaya zuwa uku. A matse soso a ruwan da aka ɗebo daga tanki, a girgiza tangaran a cikinsa kawai ba tare da gogewa ba, a canza auduga, a share farfela da raminta, a zura buroshi mai igiya a cikin tiyo, a sake shafa wa zoben roba man silikon. Idan wani kaya ya ruɓe yana buƙatar canji, a canza rabinsa a bar rabi sai bayan wata guda, kuma a gama aikin cikin rabin awa domin kayan kada su bushe a iskar hunturu.